Darasi na Tara: Bin Diddigin Kuɗin Asibitin Gunduma

Jihar Gombe tana da ƙananan hukumomi 11 da gundumomi 114. Tsarin gwamnati shi ne kowace gunduma ta samu aƙalla asibiti ɗaya na matakin farko mai aiki yadda ya kamata. Nan ake awon ciki da karɓar haihuwa, nan ake yi wa yara allurar rigakafi. Rigakafin yara kyauta ne, a Dukku kake ko a Kaltungo. Duk wanda ya ce ka biya, ka tambaye shi dalili.

A shekarar 2014 aka kafa Dokar Lafiya ta Ƙasa. Dokar ta ce Gwamnatin Tarayya ta riƙa ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigarta domin kula da lafiya a matakin farko. Wani ɓangare na kuɗin yana shiga kai tsaye asusun bankin asibitocin da aka zaɓa, don sayen magani da ƙananan gyare-gyare. Kuɗin jama'a ne, saboda haka tambaya a kansu ba rashin kunya ba ce.

Wa za a fara tambaya? Kwamitin raya gunduma. A cikinsa akwai mai unguwa ko wakilinsa, da malaman addini, da mata, da matasa. Aikinsu ne su zauna da shugaban asibiti su san abin da ya shigo da abin da aka kashe. Abin takaici, mutane da yawa ba su ma san da wannan kwamiti ba, balle su halarci zamansa.

Kada ka je hannu rabbana, ka je da rubutu. Ka sayi ƙaramin littafi, ka ja layi uku: rana, abin da ya faru, wanda ya gani. Misali: "Talata da dare, an kawo mai naƙuda a Keke Napep, ƙofa a kulle, babu ungozoma. Mijinta da maƙwabciyarta sun shaida." Ko kuma: "Ranar rigakafi, firjin ajiye allura ba ya sanyi, an sallami mata da goyonsu." Maganar baki ana iya musanta ta, amma irin wannan rubutu da wuya a ture shi. Wannan ma na daga cikin amfanin karatun da muke yi.

Idan kun zauna, a yi sallama, a yi magana da ladabi. Ka ce, "Ranka ya daɗe, nawa ne ya shigo asusun asibiti a wannan zangon, kuma me aka saya?" Ku nemi ganin rasit. Ku kuma saurari ma'aikaciyar jinya, domin sau da yawa ita kaɗai ce ke aikin dare da rana, laifin ba nata ba ne.

In abin ya fi ƙarfin gunduma, sai a rubuta takarda zuwa sashen lafiya na ƙaramar hukuma, a aika kwafi ga kansila da ɗan majalisar jiha. A tabbata an buga hatimin karɓa a kan kwafinku. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba ofishin gwamnati kwana 7 ya amsa buƙatar bayani da aka rubuta masa.

Aikin gida: Ka nemo sunan shugaban kwamitin gundumarku da ranar zamansu na gaba, ka rubuta su a littafinka, ka zo da shi aji.