Yadda zaka gane ko addini ne ya haddasa yaƙi ko kuwa raɓawa aka yi da shi

Akwai wata magana da take yawan tasowa a majalisa ko wajen mai shayi, musamman in an wayi gari da labarin wani rikici, sai kaji wani yace ai da za'a kawar da addini gaba ɗaya daga duniya da kowa ya huta, ba yaƙi ba kashe-kashe. Masu kare addini kuma sai su hau zagi da tsinuwa, wanda shima dai ba hujja bane. Ba sai an kai ga haka ba, maganar tana aunuwa, kawai ka ɗauki rikici guda ɗaya wanda ka san labarinsa sosai kayi masa wasu 'yan tambayoyi.

Ka fara da cire addinin a zuciyarka ka ga me ya rage a wajen. Wato kace toh, yau an wayi gari ɓangarorin nan biyu duk basu da addini, akwai sauran abun da zasu yi faɗa a kansa ko babu? Ɗauki Zangon Kataf a 1992. Abun da ya kunna wutar a watan Fabrairu maganar tayar da kasuwar garin ce zuwa wani sabon fili, Hausawa 'yan kasuwa basa so, Katafawa suna so, a ƙarƙashi kuma akwai tsohuwar jiƙaƙƙiya akan gonaki da kuma wa yake naɗa hakimi, daga baya a watan Mayu abun ya sake ɓarkewa har ya fantsama cikin Kaduna ya koma Musulmi da Kirista. Toh cire masallaci da coci daga garin, kasuwar tana nan, gonakin suna nan, sarautar ma tana nan. Jos ma haka, tunda aka ƙirƙiri ƙaramar hukumar Jos ta Arewa a 1991 ake ta jan igiya akan waye ɗan ƙasa waye baƙo, wa za'a ba takardar indijin ya samu makaranta da aikin gwamnati, kuma rikicin Nuwamba 2008 akan sakamakon zaɓen ciyaman ya tashi.

Bayan nan sai ka nemo inda masu faɗan addininsu ɗaya. Wannan ita ce tambayar da tafi kashe bakin mutum, dan in addini ne tushen yaƙi ai ya kamata inda kowa alƙiblarsa ɗaya a samu zaman lafiya. Ruwanda, 1994. Hutu da Tutsi yarensu ɗaya, mafi yawansu Kiristoci ne 'yan Katolika, coci ɗaya suke zuwa ran Lahadi kuma suna auratayya, amma cikin kwana wajen 100 aka kashe mutum kusan 800,000, yawanci da adda. Mutane sun gudu cikin coci suna ganin ba wanda zai taɓa su a ɗakin ibada, aka bi su har ciki, a cocin Ntarama kaɗai an kashe wajen mutum 5,000. A shingen hanya ba'a tambayarka me kake bauta wa, katin shaida ake cewa ka miƙo, wanda tun zamanin mulkin Beljiyam ake rubuta ƙabilar mutum a jiki, gidan rediyon RTLM kuma yana ta kiran Tutsi kyankyasai.

Somaliya kusan kowa Musulmi ne ɗan Sunna, yare ɗaya, amma da gwamnatin Siad Barre ta faɗi a 1991 dangi-dangi aka rabu aka hau juna. Sudan tun 15 ga Afrilu 2023 manyan janar-janar biyu, Burhan da Hemedti, suke gwabzawa, dukansu Musulmi, faɗan kuwa a cikin azumi ma ya fara. Kudancin Sudan da aka ce addini ne ya raba su da Arewa sun samu ƙasarsu a 2011, ba'a cika shekara uku ba shugaban ƙasar Salva Kiir da tsohon mataimakinsa Riek Machar, dukansu Kiristoci, suka jefa ta yaƙin basasa. Kai ba sai ka je nesa ba ma, Zamfara wa yake kashe wa? Ɗan bindiga da ɗan sa-kai da manomin da aka hana shiga gonarsa duk salla suke yi, abun da ke tsakaninsu burtali ne da aka cinye da noma, da satar shanu, da ramuwar gayya, da zinare, da kuɗin fansa. In kuma mai musun da kai ɗan Kano ne tuna masa Basasa, 1893 zuwa 1895, Tukurawa da Yusufawa, jikokin Dabo ne duka, gadon sarauta ne ya haɗa su har Alu ya karɓi gari.

Sai ka juya abun ta ɗaya gefen, ka duba inda aka taɓa kawar da addinin da gaske, dan mutane suna magana kamar ba'a taɓa gwadawa ba alhali an gwada. 'Yan kwaminisancin Khmer Rouge sun karɓi mulkin Kambodiya a 1975, shugabansu Pol Pot ya haramta addini kowane iri, aka tuɓe limaman Buddha aka tura su gona, Musulmin ƙabilar Cham aka hana su salla har ana tilasta musu cin naman alade, kafin 1979 mutum tsakanin miliyan 1.5 zuwa miliyan 2 sun mutu. Wani zai ce ai wannan zaluncin gwamnati ne akan talakawanta ba yaƙi bane, toh shikenan a duba tsakaninsu su da kansu. A 1969 sojojin Tarayyar Sobiyet da na Sin sun yi musayar wuta akan wani ɗan tsibiri a kogin Ussuri. Ƙarshen 1978 Biyetnam ta mamaye Kambodiya, watan Fabrairu 1979 Sin ta afka wa Biyetnam. Gwamnatocin nan duk 'yan kwaminisanci ne, ba wadda take da'awar wani addini a cikinsu, iyaka ce da jagoranci da kuma wa zai bi wa.

Wani abun da nake ganin mutane basa kula da shi shine ƙawance, ka duba wa ya haɗa kai da wa lokacin yaƙin, anan asiri yake tonuwa. Yaƙin Shekara Talatin na Turai, 1618 zuwa 1648, shi ake yawan kawowa a matsayin yaƙin addini tsantsa, Katolika da Furotestan, kuma gaskiya a haka ya fara. Amma Faransa ƙasar Katolika ce, mai juya ta a lokacin ma babban limamin coci ne, Kadinal Richelieu, sai gashi tana ba Siwidin 'yan Furotestan kuɗi, a 1635 ma ta shiga yaƙin da kanta a gefensu dan ta karya gidan sarautar Habsburg waɗanda Katolika ne 'yan uwanta. Mayaƙan Salibiyya da suka fito da sunan ƙwato Ƙudus a 1204 birnin Kiristoci suka wawashe, Konstantinoful, saboda bashi da ganima. Yaƙin Duniya na Ɗaya kuwa Daular Usmaniyya tana gefen Jamus, ga kuma Musulmi birjik daga Indiya da Afirka ta Yamma cikin sojan Ingila da Faransa.

Ka kuma duba da me aka kashe wutar. Rikicin Arewacin Ayalan an yi wajen shekara 30 ana kiransa faɗan Katolika da Furotestan, mutum wajen 3,500 suka mutu. Yarjejeniyar 1998 da ta tsayar da shi ba ta ce kowa ya canza aƙida ba, maganar raba muƙamai ce a ciki, da gyaran 'yan sanda, sakin fursunoni, ajiye makamai, da ba mutum damar zama ɗan Birtaniya ko ɗan Ayalan ko duka biyun. In maganin bai taɓa addini ba kuma ciwon ya lafa, ka san ba a nan gizo yake saƙar ba.

Amma fa kar ka zaƙe, nan ne masu kare addini suke zamewa, su ce sam addini bai taɓa jawo komai ba duk siyasa ce. Wannan ba gaskiya bane kuma abokin musunka zai kama ka. Maitatsine a 'Yan Awaki, Disamba 1980, mutum sama da 4,000 suka mutu a Kano, ba kasuwa ko gona yake nema ba, aƙida ce. Boko Haram ma talauci da zalunci sun taimaka wajen samo musu yara, amma abun da suke faɗa da bakinsu fahimtar addini ce, gurguwa dai amma ita ce. Kuma ko a inda ba shi ya kunna wutar ba, in addini ya shiga rikici yana ƙara masa nauyi, gona ana iya raba ta biyu amma wanda yake ganin umarnin Allah yake cikawa da wuya ya yarda da rabi, sannan faɗan ƙauye ɗaya sai ya zama na duk wanda ya ji labari, a tare matafiyi a hanya a kashe shi dan sunansa kawai. Ka yarda da wannan tun kafin a faɗa maka. Sai dai in za'a yi lissafin a yi shi duka, a watan Yuni 2018 a ƙauyen Nghar na Barikin Ladi, Liman Abubakar Abdullahi ya ɓoye mutum sama da 200 yawancinsu Kiristoci a masallacinsa da gidansa ya ƙi miƙa su, shima addinin ne ya tsayar da shi a bakin ƙofa.

Daga ƙarshe ka tambayi mai maganar, wai ta yaya za'a kawar da addinin? Mafi yawan mutanen duniya suna da addini kuma ba da lallashi zasu bari ba, kenan sai da bindiga, wato sai anyi yaƙin da ake cewa ana gudu. Albaniya ta gwada a 1967, shugabanta Enver Hoxha ya rufe masallatai da coci-coci sama da 2,000, wasu aka mayar dasu sito wasu wajen wasanni, aka ɗaure malamai wasu aka kashe su, an fi shekara 20 a haka. Da aka ɗage dokar a ƙarshen 1990 mutane suka koma salla da zuwa coci, a 1997 kuma ƙasar ta rikice aka fasa rumbunan makamai aka kashe mutum wajen 2,000, akan kuɗin jama'a da wasu kamfanonin damfara masu alƙawarin riba mai yawa suka cinye.