Yadda ake kamun kifin tirawut cikin kwale-kwale a ƙarshen kaka a madatsar Rutland

Tirawut kifin ruwan sanyi ne, shi ya sa ba ka ganinsa a Kainji ko Tiga. Ya fi walwala idan ɗumin ruwa bai wuce digiri 10 zuwa 16 a ma'aunin Salsiyos ba. A Ingila, ɗaya daga cikin wuraren da suka fi suna wajen kamunsa shi ne madatsar Rutland, kusa da garin Oakham, wadda aka gina a tsakiyar shekarun 1970 don ruwan sha, kuma ita ce mafi faɗi a duk Ingila, kimanin eka 3,100. Kamfanin Anglian Water ke kula da ita, kuma duk shekara yana zuba mata kifi. Ga wanda yake zaune a Leicester ko Peterborough ko Nottingham, tafiyar ba ta da nisa. Bayanin da ke tafe na watan Oktoba da Nuwamba ne, lokacin da akasarin masu fatsa suka naɗe kayansu suka koma gindin hita, alhali a lokacin ne manyan kifayen suke fitowa farauta.

Ka fara da takardu

Abu biyu ake buƙata, kuma ɗaya ba ya wadatarwa daga ɗaya. Na farko lasisin sandar fatsa na hukumar kula da muhalli ta Ingila, wanda ya wajaba a kan duk mai shekara 13 zuwa sama, ana sayensa ta intanet, akwai na kwana ɗaya, na kwana takwas, da na shekara. Na biyu tikitin madatsar kanta tare da hayar kwale-kwale mai inji, a ofishin masunta da ke Normanton. Ka buga waya tun kafin ranar ka kama kwale-kwale, ka sake bugawa da safen, domin idan iska ta yi ƙarfi ba sa barin kowa ya fita.

Kada ka karɓi tikiti ka juya kawai. Tambayi ma'aikatan ina aka kama kifi jiya, a wane zurfi, da wace igiya. Su ne suke ganin abin da kowa ya dawo da shi da yamma. Ka kuma tambayi dokar wannan makon. Tirawut iri biyu ne a ruwan, mai layi ja a gefen jikinsa wanda asalinsa daga Amurka ta Arewa ne, da mai launin ƙasa-ƙasa da ɗige-ɗige ɗan asalin Turai. Shi na biyun, daga wajen ƙarshen Oktoba lokacinsa ya rufe, idan ka kama shi mayar da shi za ka yi.

Sanyi kafin kifi

Zan daɗe a nan domin nan ne baƙo ya fi raina abin. Ruwan Rutland a Nuwamba yana iya sauka ƙasa da digiri 10. Wanda ya faɗa irin wannan ruwa, abin da ke fara kama shi ba daskarewa ba ne, numfashi ne yake ƙwace masa: ya ja iska da ƙarfi ba da sonsa ba, idan kansa yana ƙarƙashi sai ya shaƙi ruwa. Bayan 'yan mintoci hannuwa su daina bin umarni. Iya iyo a kogin garinku ba ya maganin wannan. Rigar ceto dole ce a kwale-kwalen Anglian Water, suna bayar da aro, kuma a saman duk tufafinka ake sa ta, a ɗaure maɗaurin da ke bi ta tsakanin ƙafafu. Kada ka tashi tsaye don yin jifa. A zaune ake komai.

Tufafi kuwa, bi-da-bi ake sa su: mai kama jiki a ciki, na ulu a tsakiya, mai hana ruwa da iska a waje, wando da riga duka. Ka guji auduga, domin da ta jiƙe sai ta riƙe sanyi. Hula mai rufe kunne, safar hannu mai yankakkun yatsu guda biyu don canji, da tabarau ko da babu rana, saboda ƙugiyar abokin zamanka tana wucewa kusa da fuskarka duk yini. Filas na shayi mai zafi. Waya a cikin leda, da lambar ofishin a ciki.

Yini gajere ne. Ana mayar da agogo baya ranar Lahadin ƙarshe ta Oktoba, zuwa ƙarshen Nuwamba rana tana faɗuwa wajen ƙarfe 4. Azahar da la'asar suna matse da juna, don haka ka tsara tun da safe inda za ka tsaya a gaɓa. Ƙafafunka ma za su gode maka.

Kayan aiki

A Rutland da koton gashi ake kamun tirawut: ƙugiya ce da aka ɗaura wa gashin tsuntsu ko na dabba da zare mai ƙyalli, har ta yi kama da abin da kifin ke ci. Koton ba shi da nauyi, nauyin igiyar ne yake kai shi nesa. Sandar da ta dace ita ce mai tsawon ƙafa 10, lamba 7 ko 8, wato ma'aunin nauyin igiyar da ta dace da ita.

Igiya ita ce zuciyar al'amarin. Ka zo da mai yawo a saman ruwa, da mai nitsewa a hankali, da masu nitsewa da sauri waɗanda ake kira Di-3, Di-5 da Di-7. Lambar da ke bayan Di tana nufin inci nawa igiyar ke sauka cikin daƙiƙa ɗaya. A bakin igiyar ka ɗaura siririn zaren roba marar launi mai ɗaukar laba 10 ko fiye. Kifin wannan lokaci da ƙarfi yake fizga, zare mai rauni tsinkewa zai yi a fizgar farko.

Kotuna ba sai da yawa ba. Minki, wanda ake yi da siririn yankin fata mai gashi, fari ko toka-toka. Humungas, mai doguwar jela da idanun sarƙa. Bubi, mai idanun soso da ke ɗaga shi sama. Sai ɗan kifin soso mai yawo a saman ruwa. Sauran kaya su ne koma mai doguwar ƙota, ɗan kulki na kashe kifi, da laimar ruwa, wadda ake jefawa cikin ruwa don rage gudun kwale-kwale.

Ina kifin yake

Da bazara kifayen roch da fach suna hayayyafa a madatsar. Zuwa kaka 'ya'yansu sun kai tsawon yatsa, suna taruwa dubbai a duk inda za su sami mafaka, tirawut kuma yana bin su ya tara kitse kafin hunturu. Saboda haka 'ya'yan kifin za ka nema. Suna son gefen ciyawar ruwa da ta fara ruɓewa, ƙarƙashin gadojin ɗaure jirage, kewayen jiragen da aka ɗaure a kulob ɗin jiragen ruwa na ƙauyen Edith Weston, duwatsun bangon madatsar ta wajen Empingham, hasumiyoyin jan ruwa, da gaɓar tsohuwar cocin Normanton, wadda aka cike ƙasanta aka bar ta tsaye a bakin ruwa lokacin da aka cika kwarin. Tsibirin Hambleton, mai haɗe da tudu ta gefe ɗaya, ya raba madatsar zuwa hannun arewa da na kudu, kuma idan iska ta hana ka zama a ɗaya, sau da yawa ɗayan yana da sauƙi.

Ka sa ido kan tsuntsaye. Shahon kifin nan da Rutland ta shahara da shi ba za ka gan shi ba, tun Satumba ya yi ƙaura zuwa Afirka ta Yamma, wajen Senegal da Gambiya. Fararen tsuntsayen teku su ne 'yan rahotonka. Idan ka ga sun taru wuri ɗaya suna ihu suna faɗawa ruwa, tirawut ne ya koro 'ya'yan kifi sama. Ka kashe inji tun daga nesa, ka bar iska ta kai ka.

Tafiya da iska

Ka wuce wurin da kake so zuwa can ɓangaren da iskar ke fitowa, ka juya kwale-kwalen a gicciye, iskar tana bugun bayanka. Jefa laimar ruwa ta gefen da iskar ke fitowa. Za ta buɗe a cikin ruwa ta riƙe kwale-kwalen, ya riƙa gangarawa a hankali maimakon ya yi gudu. Kai da abokinka kuna jifa gaba, kowa da rabinsa. Idan kun kai ƙarshe, ku janye laimar, ku zagaya ta gefe da inji a hankali, kada ku bi ta kan ruwan da kuka gama bi ko wanda wani ke shirin bi. Shiga gaban wani kwale-kwale ko matsar masu fatsa a gaɓa rashin ladabi ne da ba a yafewa a wannan sana'a.

Ƙidaya

Ga inda ake bambanta wanda zai koma gida da kifi da wanda zai koma da labari. Da kaka saman ruwa yana hucewa, ya yi nauyi, ya nitse, ruwan ya gauraya daga sama har ƙasa. Shi ke nan kifi ya sami 'yancin zama a kowane zurfi, yau a ƙafa 3, gobe a ƙafa 15. Mutum zai yini yana canza koto, alhali koton lafiyarsa lau, sama da kan kifin kawai yake wucewa.

Sa Di-5, ka jefa, ka ƙirga 10 kafin ka fara ja. Igiyar ta sauka wajen ƙafa 4 ke nan. Yi jifa biyar ko shida a haka. Shiru? Ƙirga 20, wajen ƙafa 8. Sannan 30. Abokinka ya sa wata igiyar daban, ku riƙa faɗa wa juna. Duk wanda aka fara taɓawa, ɗayan ya koma irin igiyarsa da ƙidayarsa nan take, babu girman kai. Sai zurfi ya ƙi ba da amsa sannan za ka taɓa koto.

Jan ma ka sassaɓa shi: dogon ja biyu, tsayawa, gajeru uku, tsayawa. Ɗan kifin da ya ji rauni ba ya tafiya a miƙe. Yayin da ruwa ke ƙara sanyi, ka rage sauri.

Idan saura kamar ƙafa 12 na igiya a waje, kada ka fizge. Ɗaga sandar a hankali, ka tsaya cak, koton yana rataye a ƙarƙashin kwale-kwale, ka ƙirga 10. Tirawut yakan biyo koto tun daga nesa yana shakka, sai ya ga ya tsaya sannan ya hau shi. Masu shiga gasar kamun kifi suna naɗa ɗan zare mai launi a jikin igiyar daidai wannan wuri, da sun ji kullin ya taɓa yatsa sai su tsaya. A ganina babu dabarar da ta kai wannan arha da riba.

Idan kuwa ka ga ruwa ya fashe kusa da ciyawa, 'ya'yan kifi suna tsalle kamar an watsa tsakuwa, koma igiyar sama da ɗan kifin soso. Tirawut yakan kutsa cikin garken ya buge wasu, sannan ya dawo ya tsince waɗanda suka suma. Jefa koton wurin, ka bar shi kawai. Hannu zai yi ta ƙaiƙayin ja. Kada ka ja. In ya ɗauka, jira ka ji nauyinsa kafin ka ɗaga sanda, in ba haka ba daga bakinsa za ka zare.

Bayan ya kama

Riƙe sandar sama, ka bar shi ya ja igiya idan ya so gudu, kuma ka kula kada ya shiga ƙarƙashin kwale-kwale ya naɗe da igiyar laima. Nitsar da komar tukuna, ka jawo shi kanta da kai. Wanda za ka ci, buge shi a ka nan da nan. Na farkon, duba cikinsa da dogon cokalin da ake yi don haka, ka ga girman 'ya'yan kifin da ya haɗiya, ka daidaita kotonka da su. Wanda za ka saki, yi amfani da ƙugiya marar ƙaya, ka jiƙa hannu, ka cire ta yana cikin ruwa. Bubi a kan igiya mai nitsewa kifi yakan haɗiye shi har maƙogwaro, shi ya sa wurare da yawa suke hana shi ga mai niyyar saki.

Ka dawo gaɓa a lokacin da aka rubuta a tikitinka, ka cike takardar abin da ka kama ko da sifili ne. Sannan ka wanke koma da laima da takalma da ruwan zafi, ka shanya su bushe sarai kafin ka kai su wani ruwa. A 2010 aka fara gano wani baƙon jatan lande mai cinye ƙananan halittun ruwa a madatsar Grafham, ita ma ta Anglian Water, kuma yana iya yin kwanaki da rai a cikin jiƙaƙƙiyar koma.