Yadda za ka kula da ɗan'uwa mai damuwa ko taɓin hankali a ƙauye

A ƙauyukanmu na Kano da Jigawa in mutum ya fara canzawa, ya daina fitowa majalisa, ya bar gona ciyawa ta cinye, ko mai jego ta koma sai kuka ba gaira ba dalili, abun da ake fara cewa iska ce ko sammu, daga nan sai rubutu da hayaƙi, in abu ya ƙi ci ya ƙi cinyewa sai mari. Ni ba addu'a nake hanawa ba, Allah ya kiyaye, amma akwai aikin da 'yan gida ne kaɗai za su iya yinsa, kuma wallahi ba al'adar Turawa ba ce kamar yadda wasu ke ɗauka.

Ka fara da lura. Wani malami musulmi, Abu Zaid al-Balkhi, da ya rasu a 934 miladiyya, ya yi rubutu kan lafiyar jiki da ta zuciya, ya raba baƙin ciki gida biyu, akwai wanda aka san sanadinsa kamar rasuwa ko asarar dukiya, wannan magana da nasiha ke warkar da shi, akwai kuma wanda ke saukar wa mutum haka kawai, shi ya ce tushensa a jiki yake, sai an haɗa da magani. To kai ma haka za ka duba. Me ya faru kafin ya canza, saki ne, bashi ne, ambaliya ce ta cinye shinkafa? Yana barci? Yana cin tuwo? In an wuce sati biyu yana haka ba sauƙi, abun ya wuce ɓacin rai na yau da kullum. In kuma da zazzaɓi mai zafi da sambatu, ko wuya ya sanƙare, ko ya bugu a ka, kar a tsaya komai, asibiti, don maleriya da sanƙarau na ruɗa ƙwaƙwalwa. Matashi ne? A bincika aljihu da abokai, tramol da wiwi da kodin sun lalata mana yara da yawa.

Sai zama da shi, kuma nan ne mafi yawanmu ke ɓata abun. Kar a tara dangi a zaure kamar za a yi shari'a. Mutum ɗaya da yake yarda da shi ya isa, ku fita tare kamar za a duba gona bayan la'asar, in mace ce ki shiga ɗakinta da kwaryar gyaɗa kuna ɓara, baki ya fi buɗewa in hannu na aiki ido ba ya cikin ido. Ka ce "Yaya, kwana biyu ban gan ka a majalisa ba, lafiya dai ko?" Zai ce lafiya lau, dole, kunya ce da kara. Kar ka matsa, ka yi shiru, gobe ka dawo. Ranar da ya fara magana kar ka katse shi da "ka yi haƙuri, kowa da tasa", kuma dan Allah kar ka ce ƙarancin imani ne, Annabi Yaƙub ma sai da idanunsa suka yi fari don baƙin cikin rabuwa da Annabi Yusuf. Abun da ya faɗa ka maimaita masa da bakinka, "wato tun da aka yi rasuwar nan ba ka samun barci ke nan", ya ji cewa an ji shi.

Wannan sauraron shi ne ƙashin bayan aikin likitocin zuciya. A Biyana ta ƙasar Ostiriya, wasu likitoci biyu, Breuer da Freud, sun wallafa a 1895 cewa wasu marasa lafiya na samun sauƙi in suka amayar da abun da ke cinsu, daga baya wani masanin halayyar ɗan adam, Carl Rogers, a Amurka ya ce sauraro ba tare da yanke wa mutum hukunci ba shi kansa magani ne. A Zimbabuwe wani likita, Dixon Chibanda, kakanni mata ya horar suna zama kan benci a harabar asibiti suna sauraron masu damuwa, aka gwada aka ga yana aiki. Mu da muke da iyaye da gwaggonni a kowane gida, abun da ya rage mana koyon riƙe baki ne da riƙe sirri, don in Inna ta ji yau gobe aka ji a bakin rijiya, shikenan an rufe ƙofar.

In ya saba da kai sai ku taɓa tunanin nasa. Wani masanin falsafa, Epictetus, bawa ne ma a Rum kafin a 'yanta shi, ya koyar cewa ba abun da ya faru ke wahalar da mutum ba, yadda ya fassara shi ne, kuma a kan wannan wani likita, Aaron Beck, ya gina hanyar gyaran tunani a shekarun 1960, wadda ake amfani da ita har yau. Mai damuwa zai ce "na zama kaya a gidan nan, kowa ya gaji da ni". Kar ka yi musu, tambaya za ka yi, wa ya faɗa maka haka, bara da Baba ya kwanta wa ya yi ta jigilarsa, in ƙaninka ne a halin nan za ka ce masa kaya ne? Shi zai ba kansa amsa, tasa ta fi taka zama a zuciyarsa.

In ka ji yana cewa gara mutuwa, ka tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa, tambayar ba ta sa mutum ya aikata. A kwashe fiya-fiya da maganin feshi da shinkafar ɓera da igiya daga inda hannunsa zai kai, kar a bar shi shi kaɗai, a nufi asibiti a ranar. Haka mai jegon da ta daina barci kwata-kwata tana jin muryoyi ko tana tsoron jaririnta, wannan na gaggawa ne.

Maganar mari da turu kuwa, na san wani lokacin tsoro ne ke sa 'yan gida, ba mugunta ba, amma ɗauri da duka ƙara ciwon suke, ga gyambo a ƙafa. A Faransa tun shekarun 1790 likita Pinel da ma'aikacin asibiti Pussin suka fara cire wa marasa lafiya sarƙa, a Ingila William Tuke ya buɗe gida a York a 1796 inda ake lallashi da ba su aikin yi maimakon bulala. Nan gida, Dakta Adeoye Lambo a 1954 a Aro kusa da Abeokuta ya sauki marasa lafiya a gidajen mutanen ƙauye, kowa da ɗan'uwansa ɗaya, da rana su je asibiti, har masu maganin gargajiya ya jawo cikin aikin. Kowa ya ga abun da aka bankaɗo a gidajen mari na Kaduna da Katsina a 2019, kuma tun farkon 2023 akwai sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye tsohuwar ta 1958, ta ba mara lafiya haƙƙin a mutunta shi.

Ku fara da asibitin da ke kusa su tura ku gaba, akwai asibitin Dawanau, akwai sashen ƙwaƙwalwa a asibitin Malam Aminu Kano, 'yan Jigawa ga na Kazaure. Wanda ya ga farkon ciwon shi zai raka shi, a tafi da duk maganin da ya taɓa sha. Maganin damuwa sai ya yi sati biyu zuwa huɗu kafin a ga alama, kar a yar da shi a ce bai karɓe shi ba, kar kuma a daina don an ga sauƙi, nan ne ciwo ke dawowa. In bayan fara shan magani wuya ya ƙage ko hannu na rawa ko miyau na dalala, a koma wa likita ya gyara, ba aljani ba ne. Malam ya ci gaba da tofinsa, sai dai a faɗa masa a fili ba duka, ba hana shan magani. Da ya fara dawowa daidai a ba shi ɗan aiki, ban ruwan awaki ko kai taki gona, a ci abinci da shi kwano ɗaya, a kwaɓi yaran unguwa masu tsokana, ranar komawa asibiti kuma a haɗa ta da ranar kasuwa in zai yiwu, mota ta fi samuwa.