Yadda Ake Tada Tudun Mai Jifa a Wasan Besbal

Da farko ka ja igiya daga faifan mai bugu, wato alamar da ke ƙasa inda mai buga ƙwallo da sanda yake tsayawa, ƙafa 60 da inci 6. Nan faifan mai jifa, wanda mai jefa ƙwallo ke takawa, zai zauna, ya ɗara na mai bugu tudu da inci 10. Zana da'ira mai faɗin ƙafa 18 kewaye da wurin, cikinta tudun zai tashi.

Sannan ka samo laka daga fadama, don yashinmu na Sakkwato kaɗai zubewa yake. Zuba kaɗan-kaɗan, yayyafa ruwa, bi da madaɓi kamar daɓen ɗaki.

Gangaren ne aikin. Bar inci 6 gaban faifan mai jifa, ta wajen mai bugu, daga nan kowace ƙafa ta sauka da inci 1, har ƙafa 6. Ɗora miƙaƙƙen katako ka auna, kada ka yarda da ido.

Da ka gama, rufe da tamfol, kar rana ta tsattsage shi kafin la'asar.