Babi na Shida: Wuri, Sidi da Ɗan Ɗigon Nan

Darasi na 1

Iyayena da yayyena, kowa ya ɗauko littafinsa da fensir. Da labari za mu fara.

Kafin zuwan takardar kuɗi, da wuri ake ciniki. Wuri ɗan farin ƙwanso ne na ruwa, daga tsibiran Maldib, can tekun Indiya, ake kawo shi. Fataken Kano da Katsina da ke zuwa Salaga sayen goro sun san shi sarai. Guda ɗaya wuri ne, in sun yi yawa a ce kuɗi. Ashe kalmar kuɗi da muke faɗa kullum, wuri take nufi. Guda 20,000 shi ne keso ɗaya, mai ƙirga sai ya daɗe a durƙushe. A 1965 da Ghana ta bar fam da sule, sai aka ɗauko sunan wuri a harshen Akan aka raɗa wa sabon kuɗin: sidi. Mu da maƙwabtanmu Asante, ashe abu ɗaya muke kira.

A watan Yulin 2007 aka cire sifiri huɗu. Tsohon sidi 10,000 ya koma sidi 1. Shi ya sa har yau a kasuwar Kejetia ta Kumasi za ka ji tsohuwa ta ce "miliyan ɗaya", alhali sidi 100 take nufi. Baki ya saba, ba laifi. Amma takarda da waya ba su san tsohon lissafi ba.

To, ku dubi wannan:

5.00

Kada kowa ya karanta tukuna. Nemo ɗigo. Ga shi can ƙasa, tsakanin 5 da sifiri, kamar ƙwayar gero. Ɗora yatsa a kansa. Abin da ke hagun yatsanka sidi ne. Abin da ke dama pesewa ne. Pesewa 100 su ne sidi 1. Hagu akwai 5, dama sifiri biyu, wato babu komai. Sidi biyar ke nan cif, ba ɗari biyar ba.

Wanda ya yi makarantar allo, idonsa dama yake fara gudu. Haka aka koya mana, ba abin kunya ba ne. A nan dai daga hagu ake farawa. Ɗaga hannun hagunka ka gani. Yawwa, wannan ɓangaren.

50.00

Nemo ɗigo. Ɗora yatsa. Hagu: 5 da 0. Sidi hamsin.

0.50

Nemo ɗigo tukuna. Yatsa a kai. Hagu sifiri ne kaɗai, babu sidi ko ɗaya. Dama 50. Pesewa hamsin, rabin sidi. Lambobin da ke nan su ne a na sama, ɗigo ne kawai ya matsa.

12.50

Me za a fara yi? Ɗigo. Sannan yatsa. Sidi goma sha biyu da pesewa hamsin. Madalla, kun fara kamawa.

Akwai wata Hajiya mai goro a Aboabo da ta yi aji da mu. Wani ya ɗebi goron sidi 150, ya ce ya tura ta momo, wato kuɗin waya. Waya ta yi ƙara, ta duba, ta ga ɗaya, ta ga biyar, ta ga sifirai, ta ce "Allah ya amfana". Sai dare jikarta ta karanta mata: 15.00. Sidi goma sha biyar. Ku rubuta su biyun, ɗaya ƙarƙashin ɗaya:

15.00
150.00

Ɗora yatsa a ɗigon na sama. Lambobi nawa ne a hagu? Biyu. Na ƙasa fa? Uku. Hajiya ta yi asarar sidi 135 a kan sifiri ɗaya.

Yanzu zan ɗan yi faɗa, ku gafarce ni. Na lura maza ba sa son ɗora yatsa, wai aikin yara ne. Baba, wa zai yi maka dariya? Makon jiya mutum huɗu suka karanta mini 20.00 dubu biyu, duka huɗun hannunsu na cikin aljihun riga. Wasu kuma da an tashi sai su miƙa wa jikoki waya. To me ya kawo ku aji? Ranar da yaron ya tafi makaranta fa? Nemo ɗigo, ɗora yatsa, karanta hagu. Sau goma kowa zai yi a gida, da babbar murya.

Darasi na 2

1,500.00

Alama biyu ce a nan. Mai wutsiya waƙafi ne, dubu yake rabawa. Marar wutsiya shi ne ɗigonmu. A kansa yatsa yake. Sidi dubu ɗaya da ɗari biyar. Ku gwada 2,000.00 da 200.00.

Darasi na 3

Kwanan wata: rana, wata, shekara. 6/3/1957, ranar da Ghana ta sami 'yancin kai. 6 rana, 3 Maris. Ku rubuta kwanan watan yau haka. Gobe kowa ya zo da rasit ɗaya, ko na kantin magani ne.