Yaushe za a sare turare? Kurakuran masu gonar itace a Jos

Duk wanda ya bi hanyar Bukuru zuwa Barikin Ladi ya san bishiyar turare, wadda aka dasa da yawa a filayen da haƙar kuza ta lalata. Yau gonar turare jari ce, sai dai masu ita da dama a wuri ɗaya suke tafka asara: lokacin sara.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne barin buƙata ta zaɓa maka ranar. Kuɗin makaranta ya taso, dillali ya zo ya saye gonar a tsaye, bishiyoyin ko kauri ba su yi ba. Siririyar sanda magina ne ke saye su tokare gini da ita, daga nan sai murhu. Gungumen da ya isa a tsaga shi a Kasuwar Katako kuwa farashinsa daban ne. Tun a 1849 wani masanin daji ɗan Jamus, Martin Faustmann, ya tsara lissafin wannan matsala, kuma ba sai ka je jami'a za ka gane shi ba. Idan ka ƙara wa bishiya shekara ɗaya, darajar da za ta ƙara ta fi ribar da kuɗinta za su kawo a wata sana'a, haɗe da amfanin filin da ta tare? In ta fi, ƙyale ta. In ba ta kai ba, ɗauko gatari.

A nan ne wasu ke ruɗewa da naira. A 2024 hauhawar farashi a Najeriya ta haura kashi 30 cikin 100. To, a ce sandar naira 2,000 ta koma 2,500 a irin wannan shekara, ba riba ka ci ba, baya ma ka yi. Ka auna kaurin bishiyar da igiya daidai ƙirji, duk shekara, ka rubuta. Ranar da ka ga girman ya fara ja da baya, ka sake wancan lissafin, don jira na iya daina biya. Masu barin gona har iska ta kayar da rabinta, wai suna jiran kasuwa, su ma ba su tsira ba.

Sai batun kabon, wato sinadarin da bishiya ke zuƙowa daga iska ta ajiye a jikinta, wanda yawancinmu ba ma sa shi a lissafi. Kusan rabin nauyin busasshen itace kabon ne, kuma tan ɗaya na kabon idan ya ƙone yakan zama kimanin tan 3.67 na iskar da ke ɗumama yanayi. Bishiyar da ta zama ƙofa ko katakon rufi tana riƙe nata shekaru masu yawa, wadda ta zama gawayi kuwa cikin 'yan watanni ta sake shi. Abin daɗin shi ne, a mafi yawan lokuta aljihu da yanayi bakinsu ɗaya: a jinkirta sara, a sayar da gindi a matsayin katako, rassa kaɗai su tafi wuta. Kuma kada a ƙona ɗanyen itace don gawayi, kusan rabin nauyinsa ruwa ne. A bar shi ya bushe tukuna.

Amma fa kar wannan ya sa ka fasa sara don wani ya yi maka romon baka da "kuɗin kabon", wato kuɗin da ake biyan mai gona don ya bar bishiyoyinsa a tsaye. Gaskiya ne Najeriya ta yi dokar sauyin yanayi a 2021, ta kuma yi alkawarin daidaita hayaƙin da take fitarwa da wanda ake zuƙewa nan da 2060. Wannan ba takardar ciniki ba ce. Kafin ka amince, ka ga a rubuce wa zai biya, nawa, shekara nawa aka hana ka sara, kuma wa zai ɗauki asara idan gobarar rani ta cinye gonar.

Kututture ma ana wulaƙanta shi. Turare yana tohowa bayan sara, don haka a yanke shi ƙasa-ƙasa, a karkace yadda ruwa ba zai kwanta ba, a bar toho biyu ko uku masu ƙarfi. Kada a sare gona gaba ɗaya. A kasa ta kashi-kashi, kowace shekara a taɓa ɗaya.