Yadda ake sayen a-kori-kura ta hannu a wurin dillalin mota

Duk shekara idan kaka ta yi, aka sayar da riɗi ko shinkafa kuɗi suka zauna a hannu, sai ka ji manomi ya fara zancen mota. Ya gaji da jiran motar haya a bakin gona, ya gaji da direban da zai ce yana tafe da hantsi amma sai la'asar sakaliya za ka hango ƙurarsa. Kuma da gaskiyarsa. A ƙauye a-kori-kura ce ke kai taki gona, ta kwaso buhuna, ta ci kasuwar Gujungu ran Lahadi, Maigatari ran Alhamis, Wudil ran Juma'a, in naƙuda ta taso da tsakar dare ita ce motar asibiti. Sai dai na ga waɗanda kuɗin noman shekara biyu ya tafi a yini guda, motar tana ƙofar gida a kan duwatsu, kaji na saka ƙwai a ƙarƙashinta. Yayana na cikinsu, shi ya sa na zauna na rubuta wannan.

Tun kana gida

Fara da tambayar kanka aikin da za ta yi da hanyar da za ta bi. Wanda ke bakin kwalta yana ɗaukar kayan miya zuwa kasuwa, kurkura irin Daihatsu Hijet ta ishe shi, ba ta shan mai, amma kilo 350 kamfani ya yanka mata, kuma daga Japan take zuwa da sitiyari a dama, a nan ake juya shi, don haka sai an duba yadda aka yi juyin. Wanda kuwa gonarsa ke cikin rairayi ko fadama, irin ƙasarmu ta wajen Taura da Ringim, babbar yake buƙata: Toyota Hilux, Mitsubishi L200 ko makamancinsu, in da hali mai giyar taimako da ke jan tayoyi huɗu. Ita ma kimanin tan ɗaya take ɗauka, wato buhu goma na masara mai kilo 100, ko da yake kowa ya san abin da muke ɗora mata. Tsohuwar Fijo 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna har yanzu tana kan hanya, kowane bakanike ya san cikinta, amma shekaru sun ja, samun mai lafiyayyen jiki sai an tona.

Ra'ayina shi ne ka sayi irin motar da bakaniken garinku ya iya, wadda in ka shiga Ƙofar Ruwa a Kano za ka samu kayanta ba tare da an ce maka sai an aiko daga Legas ba. Haka batun mai: tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 lissafi ya canja, ka zauna ka auna fetur da gas a kan tafiyar da za ka riƙa yi. Injin gas ya fi jure nauyi, amma ranar da famfonsa ko nozul ya lalace za ka san ka sayi mota.

Sannan kada ka tafi da niyyar kashe duk abin da ke hannunka. Ware wani kaso ka bar shi a gida. Taya, batir, juye, takardu, duk suna jiranka.

Tafi da bakanikenka

Naka, ba wanda dillali zai kira maka daga bayan filin ba. Wancan gobe ma a nan zai ci abinci, kai kuwa yau kaɗai zai gan ka. Ka biya naka kuɗin mota da na yininsa, ka kuma gaya masa tun a hanya cewa ladansa ɗaya ne ko an saya ko ba a saya ba, don kada ya ga gara a yi cinikin.

Dillali ba maƙiyinka ba ne. Sana'arsa yake yi, da yawansu mutanen kirki ne masu tsoron a ɓata musu suna. Amma sau da yawa motar ba tasa ba ce, ajiye masa aka yi ya sayar ya ci la'ada, shi kansa bai san rabin tarihinta ba. Bayan gaisuwa, tambayar farko ita ce: "Alhaji, motar taka ce ko ta wani ce aka kawo?" Ta biyu: "'Yar waje ce ko an hau ta a nan?" In an hau ta a nan, wa ya hau ta, me ta yi? Motar da ta yi shekara biyar tana kai ma'aikata ofis daban take da wadda ta yi shekara biyu tana jigilar yashi.

Takardu kafin a buɗe bonet

Mutane na barin wannan sai ƙarshe, bayan mota ta riga ta shiga ransu. Kuskure ne. Motar da takardunta ba su cika ba, ko injinta sabo ne fil, ba ta kai a ɓata mata lokaci ba.

Ka nemi takardar kwastan ta asali da ke nuna an biya kuɗin fito. Tun ranar 1 ga Janairun 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa, sai ta tashar jirgin ruwa, amma motocin Kwatano ba su daina shigowa ta ɓarauniyar hanya ba, wasu da takardun bogi masu kyan gani. Ranar da kwastan suka tare ka a hanya, ba ruwansu da wanda ya sayar maka. Idan kuɗin da za ka zuba masu yawa ne, ka ɗauki hoton takardar ka je ofishin kwastan na shiyyar Kano da Jigawa a tantance maka. 

In motar ta riga ta yi lamba, a nuna maka shaidar mallaka, lasisin mota, takardar lafiyar mota ta VIO, wato jami'an duba ababen hawa, da inshora. Sai ka ɗauki lambar shasi da ke kan takarda, mai haruffa da alƙaluma 17 a yawancin motoci, ka gwada ta da wadda aka buga a jikin shasin kansa, wato ƙarfen ƙarƙashi da motar ke zaune a kai. Ɗaya bayan ɗaya, da yatsa. Haka lambar inji. In ka ga wurin lambar an goge shi da injin gurza, ko an yi walda a gefensa, ko fentin wurin ya fi na kewaye sabunta, yi sallama ka kama hanya. Hilux mota ce da ɓarayi ke so, kuma wanda aka kama da ita shi ke kwana a ofishin 'yan sanda. Wadda aka ce ta gwamnati ce ko ta wani kamfani aka yi gwanjonta, sai an nuna takardar gwanjon.

Ka kwanta a ƙasa

A nan cinikin yake. Fenti kuɗi kaɗan ne, kowa na iya fesawa mota ta fito tana ƙyalli, kyan ɗan maciji. A-kori-kura ƙashin bayanta shasi ne, in ya karye an ɗinke, ta gama ɗaukar nauyi yadda ya kamata.

Ranar da muka kai motar Yaya gareji, bakaniken bai ko dubi injin ba. Ya shimfiɗa buhu ya shige ƙarƙashi da tocilan da sukundireba. Muna jin yana ƙwanƙwasa ƙarfe, ƙwal, ƙwal, ƙwal, sai sautin ya canja ya zama kamar an bugi ƙwarya. Ya kira ni: "Malam, sunkuyo ka gani." Daidai inda kan motar ya haɗu da bodi, an shafe wurin da baƙin mai an watsa masa ƙasa ya yi kamar tsohon datti. Da ya kankare sai ga walda, an ɗora faifan ƙarfe a kan karaya. Ya fito yana kaɗe riga ya ce wa Yaya, "Maigida, wannan ta sha lodi har ta durƙusa."

To haka za ku yi kafin kuɗi su fita. Ku bi shasin daga gaba har baya, hagu da dama. Ku tsaya daga gefe ku dubi tsagar da ke tsakanin kai da bodi: in sama ta matse ƙasa ta buɗe, ko gefe ɗaya ya fi ɗaya, shasin ya lanƙwashe. Ku ƙirga sifirin na baya. Wanda aka ƙara wa ganye biyu ko uku yana gaya maka irin wahalar da ta sha. A duba ko mai na tsiyaya daga giya ko aksul, a girgiza furofela, sandar da ke kai ƙarfi daga giya zuwa aksul, da hannu a ji ko tana wasa. Tsatsar sama ba komai ba ce, wadda ake tsoro ita ce mai ɓarewa in an soka. Motocin da suka fito daga ƙasashen ƙanƙara, inda ake zuba gishiri a titi, su suka fi wannan ciwo.

Ga jiki kuma, ka tafi da ɗan mayen ƙarfe ka riƙa manna shi a ƙofofi da gefen bodi. Inda ya ƙi kamawa, cikon masu gyaran bodi ne a ƙarƙashin fenti. Ka ɗaga shimfiɗar ƙasa ka shinshina, ka leƙa ƙarƙashin kujeru. Busasshen taɓo a lungun da hannu ba ya kaiwa alama ce ta motar da ruwa ya ci, kuma bayan ambaliyar 2022 a nan Jigawa da ta Maiduguri a 2024 ba abin mamaki ba ne a gamu da irinsu. Wayarin ɗin motar da ta nutse ba ya sake zama daidai.

Tayoyi na da shekarar haihuwa a gefensu, alƙaluma huɗu: 2319 na nufin mako na 23 a shekarar 2019. Hukumar kiyaye haɗurra na ɗaukar taya ta ƙare bayan shekara huɗu, ko da zanenta bai cinye ba. In duk huɗun sun tsufa, sa kuɗinsu cikin lissafin tayi.

Injin da ya kwana

Yaya da yamma ya je sayen tasa, motar tana rana, an riga an ɗumama ta. Bugu ɗaya ta tashi. Washegari da asuba cikin sanyin hunturu, sai da yaran unguwa suka tura ta har bakin masallacin Juma'a, ta tashi da hayaƙi shuɗi kamar an kunna yayi. Ringi ya ƙare, an zuba mata mai mai kauri don ta yi shiru.

Saboda haka ka ce wa dillali za ka dawo da sassafe, kada kowa ya tayar da ita. Da zuwanka ɗora tafin hannu a kan injin. In da ɗumi, an riga ka. Tun tana sanyi a buɗe lagireto a ga ruwan: mai yana yawo a kai, ko ruwan ya yi ja da tsatsa? A buɗe murfin baƙin mai, in ƙarƙashinsa ya yi fari-fari kamar shayi da madara, ruwa na haɗuwa da mai, gasket ya ƙone ko kan injin ya tsage. Sai a tayar, kai kana tsaye a baya wajen salansa. Shuɗin hayaƙi, tana ƙona mai. Fari mai kauri da bai ɗauke ba bayan ta yi zafi, ruwa ne. Baƙi a injin gas, a binciki nozul da famfo. Fitilun gaban direba su kama duka idan an murɗa makulli, su mutu bayan ta tashi. Wadda ba ta kama ba sam, wataƙila an cire ƙwanta ne don kada ta tona asiri.

Kilomitar da mita ke nunawa kada ta ruɗe ka, ana mayar da ita baya. Robar feda da sitiyari da kujerar direba sun fi ta faɗin gaskiya.

Gwaji

Zagaye fili ba gwaji ba ne. Ka zuba mai da kuɗinka, ku fita da yaron dillali, bakanike na tuƙi, a yi tafiyar rabin awa aƙalla. A hau kwalta a sa mata kowace giya, a saki sitiyari kaɗan a ga ko tana ja gefe, a taka birki da ƙarfi. A sauka burji a saurari ƙasa. Giyar taimako a cikin yashi ake gwada ta, ba a kan kwalta ba. Kuloci kuwa, a ja birkin hannu a sa giya ta uku a saki a hankali: lafiyayye zai kashe motar, wanda ya cinye zai bar injin yana kuka. In dillali ya yarda, ku ɗora mata nauyi, ko mutane ne. Da kun dawo a bar ta tana aiki minti goma ido na kan allurar zafi, a sake leƙa ƙasa.

Dillalin da ya hana gwaji ya riga ya ba ka amsa.

Ciniki

Kada ka yabi motar a gabansa, kada kuma ka kushe ta don neman ragi, zai gane. Ku koma gefe da bakanike ku lissafa gyaran da ke gabanka da farashin kayan a yau, da wannan za ka yi tayi. In ya ce albarka, ba faɗa ba ne, ƙara kaɗan ko ka ce za ka yi shawara. "Akwai wani Alhaji da zai zo da kuɗi anjima" magana ce da kowane mai saye ya taɓa ji. Ka duba mota uku ko huɗu a wurare daban-daban kafin ka tsaya a kan ɗaya. Maganar la'ada a yanke ta tun farko: nawa ce, wa zai biya, ta shiga cikin kuɗin ko daban take. Kafin alƙalami kuma kada ya fita sai an rubuta sharaɗin dawo da shi idan takardu suka ƙi tantancewa.

Idan an sallama, a rubuta. Sunan mai sayarwa da naka, irin motar, launi, lambar shasi, lambar inji, lambar mota, kuɗin da aka biya, kwanan wata, da shaidu biyu, ɗaya naka ɗaya nasa. A sa a ciki cewa in ta fito ta sata ce ko kwastan suka riƙe ta, mai sayarwa zai dawo da kuɗi. A musulunce ma aibin da aka ɓoye yana ba mai saye damar mayar da kaya, amma ranar da kuka tsaya gaban alƙali takarda za a tambaya. Ka karɓi rasiti mai sunan wurin da kwafin katin shaidar mai motar. Kuɗi ta banki za ka tura, zuwa asusun da sunansa ya dace da wanda ke cikin yarjejeniya, ba na wani yaro da aka ce "tura nan, duk ɗaya ne" ba.

Kafin ka ja ta, ƙirga makullai, safaya, jak da abin kwance taya. A makon farko ka je ofishin lasisi a mayar da takardu sunanka, ka yi inshorar gaske ta motar kaya, ba ta bakin titi ba. A yi juye, a canja matatun mai da na iska. In injin gas ne irin 5L ko 2KD na Hilux, bel ne ke riƙe da lokacinsa, a canja shi tunda ba ka san yaushe aka sa na ciki ba. Mai fetur 2TR sarƙa gare shi. Lodin farko kuma a tsaya a buhu takwas, a je kasuwa mafi kusa, bakanike na zaune a gaba yana saurare.